Tayar Baya

Ran Talata, ina tsakiyar gadar Kubanni,
na ji fuuu, sai ƙarfe ya fara gaisawa da kwalta.
Karo na uku ke nan cikin mako biyu.
Na sauka na turo shi har Sabon Gari,
takardun ɗalibai suna shan gumi a jakar baya.

Namadi mai faci yana gindin dalbejiyarsa,
da kwanon ruwan da ya yi baƙi kamar na marina.
Bai dube ni ba, tayar ya duba.
Ya bi ta da babban yatsa a hankali
kamar mai cinikin akuya yana lalubar ƙashin baya.

Na ce, Namadi, tsakaninka da Allah,
wata nawa siririyar taya ke yi?
Mai shagon da na saya ya rantse mini da shekara.
Wani a Samaru ya ce kilomita dubu uku,
wani ya ce biyar, in mai kyau ce.
Ya cire tsinken bakinsa, ya yi dariya.

Ya ce, Malam, taya ba ta san kalanda ba.
Ba ta duban wata, ba ta jiran Sallah.
Abin da ta taka shi take ƙirgawa:
tsakuwar Hanwa, kwalaben Kwangila,
ramin nan na gaban tasha da ya girmi ɗana,
da birkin da kake dannawa in ɗan acaba ya yanko.
Kowanne da abin da yake gutsura a hanya.

Dubi nan. Da can bayanta a zagaye yake,
yanzu ya baje kamar gindin faranti.
'Yan ramuka biyun da masu ƙira suka bari don shaida
sun shafe, ko gurbinsu babu.
Ga zare ya fara leƙowa.
Gefenta kuwa faso ne irin na diddigen manomi.
Wannan ko ƙashin kifi ya isa, ba sai ƙaya.

Na ce, to ai tare na sa su,
me ya sa ta gaba ke nan garau?

Ya ce, ta gaba zaɓen hanya kawai take yi.
Ta baya ke ɗauke da kai,
da jakarka, da tuwon da ka ci jiya.
Mayar da ta gaban baya, ka sa sabuwa a gaba,
don in ta gaba ta fashe a gangara
haƙoranka ne za su biya.

Na yi shiru. Keken Baba na tuna,
rataye a zauren gidanmu na Ƙofar Gayan,
shekara shida tun da gwiwarsa ta ƙi.
Tayoyin har yau da gashinsu na sabunta,
ko Wusasa ba su kai sau goma ba.
Amma ran nan da na matsa ɗaya da yatsa
sai ta dare kamar busasshiyar ƙwarya.
Baba ya ce kada a sayar, zai hau in ya ji sauƙi.
Ban gaya masa ba, na ji kunya.

Na ba Namadi labarin.
Ya ce, ai zama ma yana ci, Malam,
shi dai ba ya barin zane.
Gara wadda ta ƙare a tafiya.

Na tambayi kuɗin sabuwa. Ya faɗa.
Na ƙirga kwanakin da suka rage kafin albashi,
sha ɗaya, in an biya a kan kari.
Ya dube ni, wannan karon ni ɗin ya duba,
ya jawo gam, ya yanki tsohon tub da almakashi.
Ya ce, faci na huɗu ke nan, ba ni da na biyar.
Ka bi gefen titi, ka rage gudu,
kuma in ka ga rami, don Allah ɗaga mata,
ta gaji da kai, ta gaji da Zariya.